Turmi Goma Sha Biyu da Suruki

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Kocinku da duk masu dukan buhu a wannan sansani naku na bayan gari. Mu nan lafiya ƙalau. Matarka da yara suna gaida ka. Ƙaramin ya fitar da haƙori biyu, har ya gwada su a yatsana.

Wannan doka ta Koci ta ƙwace muku waya har wata biyu, ni dai ban gane mata ba. Ga ni da furfurata na koma rubuta wasiƙa kamar 'yar makaranta. Na birkice shago kaf ina neman biro, sai a gwangwanin maɓallai na same shi. Direban da ke kai muku kayan abinci ya ce duk Talata zai biyo ya karɓa.

Na yanka wandon da za ka shiga fili da shi, ja mai farin baki kamar kullum. Saura in rubuta sunanka a ƙugu. Shekara goma sha tara ina ɗinka maka wandon dambe ban taɓa zuwa kallo ba, kuma bana ma kada ka sa rai.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. 'Yata, wato 'yarka Inna Ƙarama, ta kawo mana baƙo. Tun da mahaifinta ya rasu kai ne uba, don haka sai ka ji kafin kowa. Yaron ya je asibitinsu ne ɗaukar hoton wuyan hannunsa, ita ce ta ɗauka, daga nan kuma hannu ya warke amma zuwa bai ƙare ba. Dogo muke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga shagona. Auta, ban taɓa ganin yaro mai kunya irinsa ba. Ya durƙusa ya gaishe ni har sai da na ce ya tashi kada gwiwarsa ta yi tsatsa. Ƙofar shagon nan da ta shekara tana kuka, ya cire ta ya gyara ya mayar, ban ko roƙe shi ba. Na ba shi shayi ya ce ban da sukari, na ba shi burodi ya gutsuri kamar mai ciwon haƙori. Na tambaye shi sana'arsa, ya ce harkar wasanni. Ina jin malamin motsa jiki ne a wata makaranta.

Ba mu gaya masa ko kai wane ne ba. Ka tuna samari uku da suka gudu da suka ji kawunta ɗan dambe ne? Wannan karon Kawu Auta kawai muke cewa.

Yana son ya zo ya gaishe ka in ka dawo. Me ka gani?

Ka ci abinci, ka rage surutu. Allah ya tsare.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya babba,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta sau uku, Koci ma ya ce in karanta masa wurin ƙofar da ke kuka. Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ki ce wa mai haƙori biyu ya ajiye su, dambe ba a cizo.

Kin ce in ci abinci. Yaya, wane abinci? Dafaffen ƙwai biyu da safe, kifi da ganye da rana, da yamma kuma ruwa da haƙuri. Saura kilo uku in sauke kafin ranar awo. Jiya na yi mafarkin burodi mai zafi, irin wanda nake kwaɓawa a gidan burodin nan na bayan tasha kafin Koci ya tsince ni. Kin tuna? Ya shigo sayen burodi ya tarar ina naushin kwaɓi da hagu, ya tsaya yana kallo har ya manta abin da ya kawo shi. Yau ga shi shi ne yake hana ni burodin.

Muna tashi da sassafe mu yi gudun kilomita goma a gefen gonaki, sai tsallen igiya, sai buhu, sai gwajin naushi da samari. Gwiwata ta hagu tana yi mini magana in za a yi ruwa, amma hannuna yana nan yadda kika san shi. Shekarata talatin da takwas, 'yan jarida sun ce na tsufa. Haka suka ce lokacin da na ɗauki kambun ina da talatin da biyu, kuma sau biyar ke nan ana zuwa karɓa ana komawa da kumburi.

Na bana sunansa Walƙiya. Shekararsa ashirin da huɗu, wasa goma sha bakwai bai taɓa faɗuwa ba. Kullum da rana Koci yana kunna mana wasanninsa a talabijin. Gaskiya yaron yana da sauri, hannunsa kuma dogo kamar sandar tsinko mangwaro. Amma in ya kai dama yana sauke kafaɗa, muƙamuƙinsa ya fito sarari yana cewa ga ni. To zan amsa masa. In Allah ya so, turmi na shida ba zai same shi a tsaye ba, sai dai a riƙa ba shi ruwan shayi da cokali har wata guda.

Maganar Inna Ƙarama ta faranta mini rai ƙwarai. Yarinyar da na riƙa ɗauka a wuya zuwa makaranta! Malamin makaranta kuwa ya yi, mutum mai zuwa aiki da fuska ɗaya ya dawo da ita. Ku riƙe shi da kyau. Ki ce masa kawunta mutum ne mai sanyin hali, ba ya son tashin hankali.

Ki gaida matata, ki ce mata rigar sanyin da ta sako mini ta yi amfani.

Ƙanenki,
Bahago, wanda kike kira Auta

*

Auta,

Salamu alaikum. Lafiyarmu lau, amma ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ranar Asabar ina kan keke ina rubuta sunanka a ƙugun wando, na gama B da A da H da A, ina kan G, sai ga Dogo ya yi sallama da leda ta lemo. Ya durƙusa zai gaishe ni, idonsa ya faɗa kan wandon. Lemon nan sai da ya watse har ƙarƙashin tebur.

Ya ce, "Mama, wannan wandon na wane ne?"

Na ce, "Na ƙanena ne, kawun Inna Ƙarama. Ɗan dambe ne, amma kada ka ji tsoro, ba ya dukan na gida."

Ya ce, "Bahago?"

Na ce, "Au, ka san shi?"

Ya zauna a ƙasa dirshan, ya dafe kai. Can ya ce, "Mama, ni ne Walƙiya."

Wallahi na zaci yana nufin ya ga walƙiya, har na leƙa waje in kwashe shanya. Sai da Inna Ƙarama ta shigo ta ga fuskokinmu ta fashe da kuka sannan na gane. Ashe ita ta san ɗan dambe ne tun ranar da ta ɗauki hoton hannunsa, ta ɓoye mini don ta san ra'ayina. Wanda za ku kara da shi ne ba ta sani ba, sai kwana goma da suka wuce da ta ga hotonku an manna a bangon asibiti, kuna harar juna. Ta yi shiru tana addu'a a fasa wasan. Shi kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa Kawu Auta mai sanyin hali shi ne mutumin da yake kwana yana tashi da shirin naushinsa ba.

Na tuno abin da ka rubuta na cokali da ruwan shayi. Ban karanta musu wannan wurin ba.

Yanzu gidan nan kamar an yi rashi. Yarinya ba ta ci ba ta sha. Maƙwabciyata mai gyaran gashi ta ji labari, ta yi dariya har ta ƙona wa wata kunne.

Ni dai ga roƙona, kuma a matsayin wadda ta goya ka nake yi. Yaron nan na kirki ne, dambensa bai canza ƙofar da ya gyara ba. Ban ce ka bar masa kambu ba. Amma ba za ka iya dukansa a kafaɗa da hannuwa kawai ba? Ka bar fuskar. Ina so jikokina su ga hoton auren iyayensu su gane ubansu.

Ka ba ni amsa ta hannun Direba, kada ka bari sai wata Talata.

Yayarka

*

Yaya,

Na amsa sallamarki. Ina gaishe ki, amma yau ba ni da raha.

Da na karanta wasiƙarki na fita na doki buhu har ɗinkinsa ya ɓalle. Koci ya karɓi takardar ya karanta, ya yi dariya har ya kwanta a benci. Ya ce shekara arba'in yana wannan sana'a, ya ga wa da ƙane sun dambata, bai taɓa ganin mutum da surukinsa ba. Ni ban ga abin dariya ba.

Maganar kafaɗa, ki bar ta. A fili ba a zaɓen wurin duka kamar ana zaɓen yadi. In na sassauta masa, shi zai kwantar da ni, kuma alƙalai ba makafi ba ne.

Maganar aure kuma, ban yarda ba. Ba don zai kara da ni ba. Don ɗan dambe ne.

Yaya, ke wando kawai kike ɗinkawa, ba ki ga abin da ake yi a cikinsa ba. Bari in gaya miki. Wasa arba'in da ɗaya na yi. Hancina ya karye sau uku. Kunnena na dama ba ya jin kiran yara sai sun zagayo. Shekara takwas na yi ina abokin gwaji ga manyan 'yan dambe, ma'ana ni ne buhun da ke da ƙafa, a doke ni a ce sannu. Wasana na farko an kwantar da ni a turmi na biyu, na farka ina tambayar ko an fitar da burodi daga tanda. Wannan ina ba da shi labari ana dariya. Wanda ba na bayarwa shi ne na shekara ta tara, da aka kai ni asibiti ban san sunana ba har kwana biyu. Matata tana da cikin fari a lokacin. Ta zauna a bakin gado, na buɗe ido na ce mata, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Har yau in na tuna fuskarta sai in ji kunyar kaina.

Duk ranar wasa ba ta iya cin abinci. Takan wanke kayan da ta riga ta wanke. Wannan rayuwar kike so wa Inna Ƙarama? Yarinyar da ta yi karatu, take aikinta cikin farar riga? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba.

Ki gaya wa yaron ya yi haƙuri. Mu haɗu a fili, kowa ya yi abin da ya kawo shi, daga nan kowa ya kama gabansa. Ki gaya wa Inna Ƙarama kawunta ba ya ƙin ta. Ta ci abinci.

Auta

*

Zuwa ga Kawu, cikin ladabi da girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, ina roƙon afuwa da na rubuto ba tare da an ba ni izini ba. Mama ce ta yarda ta saka wannan takarda a cikin ambulan ɗinta. Ni ne wanda ake kira Walƙiya, a gida kuma Dogo.

Kawu, ina da shekara goma sha huɗu na fara ganinka a talabijin ɗin wani mai aski a layinmu. An kayar da kai sau biyu a wannan wasa, ka tashi sau biyu, ka yi nasara a turmi na goma. Washegari na cika buhu da yashi na rataye a bishiyar gidanmu. Hotonka yana manne a cikin akwatin kayana har yau. Da aka ce da kai zan kara, kwana uku ina murna ina tsoro.

Ban san kai ne kawunta ba, Allah shi ne shaida. Na ɓoye wa Mama sana'ata don ranar farko na ji tana cewa 'yan dambe mutane ne da aka ba su kai suka rasa abin yi da shi. Wannan kuskurena ne, na kuma ba ta haƙuri.

Mama ta gaya mini hukuncinka. Ba ni da bakin musu da kai. Abin da ka faɗa game da wahalar iyalin ɗan dambe gaskiya ne, mahaifiyata ma tana faɗa. Ba zan yi alkawarin barin dambe ba, don in na yi ƙarya na yi. Abin da zan iya cewa shi ne duk ranar da likita ya ce in tsaya, zan tsaya, ba sai an maimaita ba.

Na yanke shawarar janyewa daga wasan. Mai horar da ni ya ce in na janye, hukuma za ta mayar da ni ƙarshen layi, wataƙila shekara huɗu kafin in sake samun irin wannan dama, wataƙila ba zan samu ba. Na ji, na gani. Amma ban san yadda zan ɗaga hannu a kan wanda nake so ya zama uba a gare ni ba. Ranar Litinin zan kai musu takarda.

Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ɗanka,
Dogo

Auta, ni ce Yaya, na ƙara a bayan takardarsa don tawa ta ƙare. Na karanta wa matarka wasiƙarka. Ta ce in rubuta maka haka, kalma da kalma: "Wa ya naɗa ka kakakina? Na wanke kaya sau biyu, gaskiya ne. Amma ka taɓa jin na ce da na sani? Ranar da ka tambaye ni wa nake nema, ai amsa na ba ka, na ce mijina nake nema, ga shi kuwa na samu. Ka bar yarinya ta zaɓi abin da za ta iya ɗauka." Ta ce kuma ka daina yin barci da safa a ƙafa, tana sane.

*

Dogo,

Na amsa sallama. Direba zai juya yanzu, don haka ba zan tsawaita ba.

Kada ka kuskura ka kai wannan takarda. In ka janye, mutane za su ce Bahago ya riƙe kambu da 'yar yayarsa, ba da hannunsa ba. Shekara goma sha tara ban ci abin kunya a fili ba, ba kai za ka ciyar da ni ba. Kai kuma za ka zauna da yarinya kana kallonta kana tuna abin da ka bari saboda ita. Wannan ba ya gina gida.

Ka zo ka yi wasanka. Maganar aure tana nan inda na ajiye ta, ban ɗaga ba.

Kuma ka daina sauke kafaɗa in ka kai dama. Koci zai kashe ni in ya ji na gaya maka.

Kawu

*

Yaya,

Assalamu alaikum daga gadon asibiti, ɗaki na huɗu, kusa da taga. An mayar mini da wayata, amma leɓena ɗinki shida ne, in na yi magana ba mai ganewa, shi ya sa na roƙi biro. Matata za ta kawo miki. Ta ce ranar wasa kin kulle kanki a shago kin ɗinka labule bakwai da ba wanda ya sa ki. Tun da ba ki gani ba, ga yadda aka yi.

Tun wurin awon nauyi abin ya fara lalacewa. Ka'ida ita ce mu tsaya hanci da hanci mu harari juna a ɗauki hoto. Yaron nan da ya zo gabana sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ina kwana, Kawu." Masu hoto suka yi ta roƙonsa ya ɗago.

Da la'asar aka shiga fili, zauren ya cika har bakin ƙofa. Aka buga ƙararrawa. Turmi na ɗaya, yana zagaya ni kamar mai neman wurin ajiye tabarma. Ya taɓa ni a kafaɗa, ya ce, "Sannu, Kawu." Turmi na biyu ya same ni a goshi, ya ce, "Yi haƙuri, Kawu," da robar haƙori a bakinsa. Mutane suka fara ihu a mayar musu da tikitinsu. Alƙalin wasa ya tsayar da mu ya ce shi dambe aka ce ya zo ya raba, ba gaisuwa ba.

Raina ya ɓaci. A turmi na huɗu ya kai dama, kuma duk da gargaɗin da na yi masa, kafaɗar ta sauka. Na aika masa hagu. Yaya, ki yafe mini, a fuska ne. Ya zube. Alƙali yana ƙirga, ni ina kusurwa ina cewa a raina, tashi mana, ɗan banza, tashi. A takwas ya tashi. Da muka riƙe juna na sa baki a kunnensa na ce, "Ka raina ni ne? Tsoho ka ɗauke ni?" Ya dube ni, idonsa ya sauya. Daga nan ban sake jin sannu ba.

Abin da ya biyo baya, ban taɓa yin wasa mai daɗinsa ba. Ya yi ta zuwa kamar ruwan sama, ni ina kaucewa ina ba shi abin da shekaru suka koya mini. Na ci na biyar da na shida. Ya ci na bakwai da na takwas. A na tara ya sako wani naushi ta ƙasan gwiwar hannuna, na ji ƙas a haƙarƙari kamar an taka busasshen kara. Da na koma kusurwa Koci ya ɗauki tawul zai jefa. Na riƙe hannunsa na ce, "Tsoho, saura uku. Ka bar ni in fita da ƙafata." Ya dube ni, ya mayar da tawul kafaɗa, yana zagina yana share mini jini.

Na kai na goma sha biyu a tsaye. Da aka buga ƙararrawar ƙarshe, zauren duka ya miƙe. Alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba ni. An yi adalci.

Aka kawo kambu za a ɗaura masa, sai ya ƙi miƙa ƙugu, ya zo ya durƙusa a gabana a tsakiyar fili, ido ɗaya a rufe. Na karɓi kambun na ɗaura masa da kaina, na ce ya tashi kafin a ce rawa muke koya. Ba zan ɓoye miki ba, da na shiga ɗakin sauya kaya na rufe ƙofa na yi kuka. Shekara shida abin nan yana gidana. Koci ya zauna kusa da ni, can ya fito da burodi daga jakarsa ya miƙo mini, ga shi ba bakin ci.

Na gaya masa na ajiye safar hannu. Ya ce dama yana neman wanda zai taya shi yi wa yara tsawa.

Yanzu ga abin da ya fi dambe wuya. Asibitin da aka kawo mu na su Inna Ƙarama ne, kuma gadon da ke kusa da nawa, Dogo ne a kai, da karyayyen hanci. Ita ta ɗauki hoton haƙarƙarina, ita ta ɗauki na hancinsa. Ta shigo da hotunan biyu ta ɗaga su a taga ta ce, "Kawu, biyu ka karya. Kai kuma, Dogo, ɗaya. Sannunku da aiki." Ta juya ta fita. Tun jiya ba ta kula kowa a cikinmu ba, sai ta aiko a duba mu.

Shi kuwa ko tari na yi sai ya sauko ya gyara mini matashi.

Ki zo da abin da ba ya bukatar tauna.

Auta

*

Autana,

Na amsa sallamarka, na kuma gode wa Allah da ya fito da ku da ranku. Sannu, sannu, sannu. Na zo jiya da rana na tarar kana barci baki buɗe, ma'aikaciya ta ce kada a tashe ka. Na tsaya na kalle ku, kai da kumburarren leɓe, shi da hanci kamar an ɗora masa dankali. Na ce a bar fuska, kun ji ni kuwa?

Maganar ajiye safar hannu, matarka ta yi ta murna har ta rungume ni, sannan ta ce yanzu matsalarta ɗaya, za ka riƙa wuni a gida.

Kada ka ga Inna Ƙarama tana ɗaure muku fuska. A zauren take ranar, layi na uku, daga farko har ƙarshe. Ta ce mini, "Mama, da Dogo ya faɗi na ji kamar raina zai fita, da aka doki Kawu a haƙarƙari na ji kamar nawa ne. Amma ban rufe ido ba ko sau ɗaya. Ki gaya wa Kawu na ga abin da yake tsorata ni da shi, da idona, kuma ina nan a kan bakana. In ya ce a'a zan bi, amma ya sani ba don na kasa ba ne."

Mahaifin Dogo ya zo shago da kansa, dattijo mai gyaran agogo, ɗan ƙarami, ban san inda yaron ya samo tsawo ba. Ya ce suna jiran izini su zo gaisuwa, in kuma babu, ba za su riƙe kowa a rai ba.

Wasiƙarka shafi huɗu, ka ba ni labarin kowane naushi, amma abin da na tambaye ka tun farko ka tsallake shi. Me zan ce musu?

Allah ya ba ku lafiya, kai da maƙwabcin gadonka.

Yayarka

*

Yaya,

Ina gaishe ki.

Ki ce su zo. Na ba shi.

Amma kada a sa rana kafin wata biyu. Likita ya ce sai lokacin haƙarƙarina zai bar ni in yi dariya, ni kuwa ina da niyyar yin ta sosai.

Shi ban gaya masa ba tukuna. Yana nan yana ɓare mini ayaba. Bari ya gama.

Ƙanenki,
Auta